Shirya taron bitar malamai: abin da aka ce

'Yan uwa malamai, ga abin da na tsinta daga shawarwarinku.

1. Lokaci: kusan kowa ya ce a yi kafin komawa makaranta a Satumba, ko a hutun Disamba. Mayu da Yuni kuwa sam, kowa na fama da jarrabawa. Masu zuwa daga ƙauyuka sun ce Agusta ruwa ne, hanya na yankewa.

2. Wuri: nan aka rabu. Cikin garuruwan arewacin Kamaru, wasu na son Garwa, wasu Marwa saboda kusa. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a raba gida biyu, kada malamin Kuseri ya kwana a mota.

3. Kuɗin mota a tura tun kafin a taso, ta Orange Money ko MoMo. Wani ya ce bashi ya ci ya zo bara, har yau shiru.

4. Janareto da mai, da randar ruwan sanyi.

5. Juma'a a tashi da hantsi.

6. Harshe: Faransanci, amma a bar tambayoyi da Fulatanci ko Hausa. Mutum biyu ba su yarda ba.