Masu baƙar fata da suka goge zanen tatu: yaya abin ya kasance?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 9 ke nan da na sa aka rubuta mini wani suna da baƙar tawada a damtsen hagu, kuma aikin bai kai awa ɗaya ba. Yanzu zanen ya fita daga raina, har na daina sa riga mai gajeren hannu. Ina roƙon wanda ya taɓa goge nasa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni da na'urar leza aka goge mini, kuma sai da na je sau 9 cikin wata 16. Likitar fata da ta yi mini aikin ta bayyana mini cewa allurar mai zane tana ajiye tawada ne a shimfiɗa ta biyu ta fata, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda ƙwayoyin garkuwar jiki suke haɗiye ta su riƙe, shi ya sa wanka da dirza ba sa kai gare ta. Hasken leza yana farfasa tawadar ne ta zama ƙanana, sannan jiki ya kwashe ta sannu a hankali, don haka ake barin mako 6 zuwa 8 tsakanin zuwa da zuwa. Zafinsa kamar a riƙa tsula maka roba mai zafi ne, kuma wurin yakan yi ƙuraje masu ruwa na 'yan kwanaki. Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka tambayi irin na'urar tun kafin a taɓa ka. Ga fata irin tamu, na'ura mai tsawon zangon haske nanomita 1064 aka fi amfani da ita, domin ba ta cika ƙona launin fatar tare da tawadar ba. Duk da haka wurin ya ɗan yi mini fari, sai bayan watanni ya fara komawa daidai.

Amsa ta biyu:
Don Allah kada gaggawa ta kai ka inda ta kai ni. Na sayi wani man shafawa da aka ce yana cire zane, ashe sinadari ne mai cin fata. Ya bar mini gyambo na makonni, da ya warke kuma sai tabo mai tudu ya taso, irin wanda likitoci ke kira keloid, yana ƙaiƙayi har yau, ga kuma rabin zanen nan yana leƙowa ta gefensa. Idan ka san ko hujin kunne ko ƙaramin yanka yana yi maka tudu, ka sanar da likita tun ranar farko.

Amsa ta uku:
Malam, ka gode wa Allah da naka baƙi ne, domin baƙar tawada ta fi kowace saurin fita. Nawa fure ne a wuyan hannu, mai ja da kore. Layin baƙin ya ɓace tun a zuwa na biyar, amma koren ya ƙi tafiya, jan kuwa tun kafin in fara gogewa yake kumbura mini idan rana ta buge shi. Da na ji cewa Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar zane tun Janairun 2022, sai na tuna ban taɓa tambayar abin da aka dura mini a fata ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Amsa ta huɗu:
Ni na bar nawa yadda yake. Dalilin addini ne ya sa na so cirewa, amma da likita ya ga yadda jikina ke yin tabo sai ya hana ni, malamin da na tambaya kuma ya ce idan cirewar za ta cutar da ni, tuba ta wadatar. Abin da na yi shi ne gwajin ciwon hanta nau'in B da C, domin ban ga an buɗe sabuwar allura a gabana ba ranar da aka yi mini zanen.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Gwajin jinin zan fara yi, domin ni ma ban tuna an buɗe allurar a gabana ba. Ɗan'uwa mai amsa ta farko, an gwada lezar a ɗan gefen zanen kafin a fara aikin gaba ɗaya, ko kai tsaye aka shiga?