Me za mu kira koci da mutanensa a Hausa?

Jiya bayan isha'i, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Tudun Wadar Gusau, wani ƙanena ya kawo min takarda. Yana rubuta tarihin masu horar da Super Eagles, kalma guda ta tsayar da shi: “coaching staff”. Koci dai ta zauna a bakinmu, kocin riƙon ƙwarya ma kowa ya san shi. Amma koci da duk waɗanda ke zama da shi a benci, babu sunan da ya haɗa su.

Abin ya dame ni, don tarihin a wurinsu yake. A 1994 Clemens Westerhof ya ci kofin Afirka a Tunisiya, Jo Bonfrere na gefensa a matsayin mataimaki. Shekara biyu bayan nan, wannan mataimakin ne ya ɗauko mana zinare a gasar Olympics ta Atlanta. Stephen Keshi, kyaftin ɗin 1994, ya yi wa Shu'aibu Amodu mataimaki a Mali a 2002, sannan ya ci nasa kofin a 2013 a Afirka ta Kudu, Daniel Amokachi na taya shi, Ike Shorunmu na riƙe da masu tsaron raga. Wanda ya jera sunayen manyan kociyoyi kaɗai ya tsallake rabin labarin.

Nan aka fara kawo shawara. Mai gidan kallon ya ce tawaga. Na ce masa, Yaya, tawaga ta tafiya ce, idan an sauka daga jirgi ta watse. Ma'aikata kuma ta kwaso har direba da mai wankin riguna.

Wani ya ce fadawan koci, aka yi dariya, ni kuwa ban so ta ba ko kaɗan. Bafade aikinsa ya ce ranka ya daɗe. Mutumin da zai dafa kafaɗar koci ana minti saba'in ya ce fitar da ɗan bayan nan, ya gaji, ya wuce bafade. Muƙarrabai ta fi mutunci, sai dai kusanci take nunawa, aikin bai fito ba.

Sai wani dattijo mai shayi a bakin ƙofa ya ce, “'Ya'yana, sarki shi kaɗai yake yanke shawara? Ai da majalisarsa.” Wurin ya yi tsit. Waziri da Galadima kowa da aikinsa, kowa ana jin ta bakinsa, kuma sarki na iya tafiya, majalisa tana nan.

Na so in ce majalisar horo, amma horo yana kawo bulala a rai. Don haka na ce wa ƙanen nawa ya rubuta majalisar horarwa. Ya gwada a jimla: “Amokachi yana cikin majalisar horarwa ta Keshi.” Ta shiga kunne lafiya.

'Yan'uwa na Birnin Kebbi da Argungu, ku da ke da Sarkin Ruwa da mutanensa, in kuna da wadda ta fi wannan, ku kawo ta kafin ya miƙa takardar ranar Litinin.