Shin Za a Ce Yu Gwan-sun Ta Yi Shahada?

Malamar makaranta: Assalamu alaikum. Abin da ya faru yau a ajina ya ɓata mini rai. Ɗalibaina sun haddace sunayen 'yan wasan finafinan Koriya, amma babu ko ɗaya da ta taɓa jin sunan Yu Gwan-sun, yarinyar da take karatu a makarantar Ewha da ke Seoul lokacin da jama'a suka fito neman 'yanci daga Japan ranar 1 ga Maris 1919. Da aka rufe makarantu sai ta koma garinsu a yankin Cheonan, ta bi ƙauyuka tana tara mutane, har suka yi gangami a kasuwar Aunae ranar 1 ga Afrilu, inda jami'an Japan suka kashe mahaifinta da mahaifiyarta a rana ɗaya. An ɗaure ta a kurkukun Seodaemun, a can ta yi shahada ranar 28 ga Satumba 1920 tana da shekara 17. Me ya sa ba ma koya wa 'ya'yanmu mata irin wannan tarihin?

Wani malami: Wa alaikumus salam. Malama, tarihin yana da taɓa zuciya, amma ki gyara kalma guda. Shahada matsayi ne na addini mai sharuɗɗa, ita kuwa yarinyar Kirista ce, kuma makarantar da kika ambata ta 'yan mishan ce. Ki ce an kashe ta bisa zalunci, ya wadatar.

Ɗalibin jami'a: Allah gafarta Malam, ai Bahaushe ya daɗe yana cewa wane ya yi shahada idan ya sadaukar da ransa, ba tare da nufin yanke hukuncin lahira ba.

Wani malami: Ɗana, yawan faɗa ba ya mayar da kuskure daidai. Da Sarkin Musulmi Attahiru ake magana, wanda Turawan Ingila suka kashe a Burmi a 1903, da babu mai musu.

Wata uwa: To ga shi nan! Namu ma yara ba su san su ba, balle 'yar Koriya. Malama, ki fara da Burmi da boren da mutanen Satiru suka yi wa Turawa tukuna.

Malamar makaranta: Hajiya, sanin wancan ba ya hana sanin wannan. Yarinyar da ta sake tayar da fursunoni a cikin kurkuku ranar 1 ga Maris 1920, alhali ta san dukan da zai biyo baya, ta cancanci darasi ɗaya.

Wani ɗan kasuwa: Ni shekarunta nake tantama. Na taɓa ganin an rubuta 18.

Ɗalibin jami'a: Alhaji, a watan Disamba 1902 aka haife ta, sai dai tsohon lissafin Koriyawa yana ba jariri shekara ɗaya tun ranar haihuwa, shi ya sa adadin yake saɓawa.

Wani ɗan kasuwa: Yaro, ba a koya mini lissafi ba, da shi nake cin abinci tun kafin a haife ka.

Shugaban zaure: Jama'a, a dakata haka nan. Abin da na fahimta shi ne, kowa ya yarda an zalunci yarinyar, kuma mafi rinjaye sun gamsu da gyaran Malam cewa kalmar shahada ba ta dace a nan ba. Malama za ta cire ta.

Malamar makaranta: Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ne ya nemi a cire kalmar, kuma tambayar da na yi har yanzu babu wanda ya amsa ta. Ranar Litinin zan karanta wa ɗalibaina labarin kasuwar Aunae daga farko har ƙarshe.