Muhawara: Da gaske Turai za ta iya rabuwa da Microsoft da Google?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya kan bakana, Turai ta fara yaye kanta daga kamfanonin Amurka, kuma wannan karon ba cika baki ba ne. Ku dubi jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus. A 2024 gwamnatin jihar ta yanke shawarar cire Microsoft Office daga kwamfutocin ma'aikata kusan 30,000 a koma LibreOffice, manhajar aikin ofis ta kyauta. A 2025 kuma suka kwashe imel ɗinsu daga Outlook zuwa Open-Xchange da Thunderbird. Ma'aikatar harkokin dijital ta Denmak ma ta ce za ta bi sahu. Nan da shekara goma, Microsoft sai dai a ba da labarinsa a ofisoshin gwamnatin Turai.

Alhajin Hamburg: Wa alaikumus salam. Injiniya, bi a sannu. Mu da muka daɗe a ƙasar nan mun taɓa ganin wannan rawar. Birnin Munich ya koma Linux, babbar manhajar kwamfuta ta kyauta da ke maye gurbin Windows, aikin da suka sa wa suna LiMux, kwamfutoci wajen 15,000, duniya ta yi ta yaba musu. Da shugabancin birnin ya canja, a 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'a a koma Windows. Shekara ɗaya kafin nan Microsoft ya maido hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin. Ban ce komai ba, na dai faɗi yadda abin ya jeru.

Injiniya: Alhaji, kullum Munich ake kawowa. Me ya sa ba a kawo jandarmomin Faransa? Sun koma Linux tun shekaru da dama, kwamfutoci dubbai, har yau ba su waiwaya ba.

Alhajin Hamburg: Jandarma umarni ake ba shi, ya ce to. Je ka gwada haka da akawun da ya shekara ashirin yana lissafi a Excel.

Malama: Ku gafarce ni, ina ga kun bar jaki kuna dukan taiki. Zamanin Munich, rigimar a kan kuɗin lasisi take da son manhaja kyauta. Yanzu tsoro ne ke tura su. A 2018 Amurka ta yi dokar da ake kira CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanin Amurka ko da kuwa a Frankfurt ko Dublin aka ajiye su. A watan Yunin 2025 wani babban jami'in shari'a na Microsoft a Faransa ya tsaya gaban majalisar dattawan ƙasar, aka tambaye shi ko zai iya ba da tabbacin bayanan Faransawa ba za su taɓa isa hannun gwamnatin Amurka ba, ya amsa cewa ba zai iya ba. Ga kuma batun Karim Khan, wanda a lokacin shi ne mai gabatar da ƙara na kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, da ke Hague. Bayan Amurka ta ƙaƙaba masa takunkumi a Fabrairun 2025, rahotanni suka ce ya rasa imel ɗinsa na Microsoft. Kamfanin ya musanta cewa ya katse wa kotun hidima, amma duk wani minista a Turai ya riga ya ji a jikinsa.

Ɗan Autan Zaure: Anti Malama, na yarda da tsoron. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin. Ni na gwada da kaina. Na bar Google na koma Qwant na Faransa da Ecosia na Jamus, sai ga shi mafi yawan sakamakon binciken daga Bing da Google suke ɗebowa. Sai a 2024 suka haɗa kai don gina rumbun bincike nasu. Wayar da ke hannuna kuma Android ce, ta Injiniya iPhone. Thunderbird ɗin da yake alfahari da shi ma na Mozilla ne, can Amurka.

Injiniya: Ƙanena, nan ne ka zame. Thunderbird da Linux da LibreOffice lambobinsu a buɗe suke, kowa na iya ɗauka ya girka a na'urarsa, ya gyara, ya ci gaba. Ko Mozilla ta rufe gobe, babu wanda zai kashe wa jihar imel daga nesa. Ba tutar da ke kan manhaja nake dubawa ba, mai riƙe da makullin nake dubawa.

Malama: To ai ka sauka daga maganarka ta farko ke nan. Da Turai da Amurka ka fara.

Injiniya: Ban sauka ba Malama, faɗaɗa ta na yi.

Hajiya Mai Shago: Ku dai 'yan boko ba ku gajiya. Ni tambayata ɗaya ce. Ɗana ya sa mini manhajar hira ta Threema, wai ta Suwizalan ce, wai har sojojin ƙasar ita aka ce su riƙa amfani da ita. Kuɗi ake biya kafin a sauke ta. Na buɗe, babu kowa a ciki sai shi. Innata a Damagaram saƙon murya take turo mini ta WhatsApp, masu sayen atamfa ma ta nan suke nemana. Wa zan bari?

Alhajin Hamburg: Hajiya ta gama magana. Gwamnati na iya tilasta wa ma'aikatanta, kamar yadda Faransa ta yi wa nata da manhajar hira ta Tchap. Amma ba mai tilasta wa dangi.

Malama: Hajiya, ba sai kin bar kowa ba. Abubuwan ba nauyinsu ɗaya ba. Manhajar hira sai da jama'a, shi ya sa fita daga cikinta ke da wuya, shi ya sa ma dokar Tarayyar Turai ta DMA ta wajabta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajojin. Amma imel da ma'ajiyar takardu ba ruwansu da inda 'yan uwanki suke. Kina iya buɗe imel na Proton na Suwizalan ko Tuta na Jamus yau, wasiƙarki za ta isa ga mai Gmail lafiya lau. Takardun shago kuma ma'ajiyar Nextcloud ta Jamus na riƙe su.

Ɗan Autan Zaure: Sai dai a faɗa mata duka. A 2021 hukumomin Suwizalan suka umarci Proton, ya miƙa adireshin intanet na wani ɗan fafutukar kare muhalli a Faransa. A watan Maris na shekarar kuma gobara ta cinye cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin Faransa OVHcloud a Strasbourg, wasu suka yi asarar kayansu har abada. Na Turai ma ba waliyyai ba ne.

Malama: Ba wanda ya ce waliyyai ne. Bambancin shi ne, wanda ke zaune a Turai yana da kotun da zai kai su. Max Schrems ɗan Ostiriya ɗalibi ne lokacin da ya fara ƙarar Facebook, kuma ƙararsa ce ta rushe yarjejeniyar Privacy Shield, ta kai bayanan mutanen Turai Amurka, a 2020. A 2023 aka ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, Yuro biliyan 1.2 kan kwasar bayanai zuwa Amurka.

Alhajin Hamburg: Suka ci gaba da kasuwancinsu kamar ba a yi ba. Injiniya, ni ga sharaɗina. Mu jira zaɓe biyu su wuce a Schleswig-Holstein. In har LibreOffice na nan a kwamfutocinsu, ragon Sallarka a wuyana.

Injiniya: Na karɓa. Malama ce shaida.

Hajiya Mai Shago: Kafin nan dai wani ya zo ranar Asabar ya buɗe mini Proton ɗin. Amma kada a taɓa mini WhatsApp.