Fina-finan Japan masu hana barci: da wanne zan ci gaba?

Abban Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama Shoplifters, har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Ina neman irinsa na Japan, ba na faɗa ko fatalwa ba.

Ummi Gwale: Wa alaikumus salam. Nobody Knows, na 2004. Darakta ɗaya ne, Kore-eda. Ka tanadi hankici.

Malam Nura: Na goyi bayan Ummi. Tushensa abin da ya faru ne a unguwar Sugamo ta Tokyo a 1988, inda wata uwa ta tafi ta bar 'ya'yanta a gidan haya. A fim ɗin yara huɗu ne, kowa da ubansa, babu mai zuwa makaranta, ƙananan ma a cikin akwati aka shigo da su don kada mai gida ya sani. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ba a nuna uwar a matsayin muguwa ba. Mace ce mai fara'a, har jan farce take shafa wa 'yarta, sannan ta fice. Aka yanke ruwa da wuta, yaran suka koma ɗebo ruwa a filin wasa, maƙwabta na wucewa. Yaron da ya fito a babban wa, Yuya Yagira, yana da shekara 14 ya ci kyautar gwarzon jarumi a bikin fina-finai na Cannes.

Ɗan Agadas: Parasite fa?

Ummi Gwale: Na Koriya ne wannan, kullum sai ka haɗa su 😂

Hajiya Binta: Ni roƙo nake da shi kafin a ci gaba. Don Allah wanda zai ba da sunan fim ya faɗi abin da ke ciki. Wani ne ya yaba min The Ballad of Narayama na Imamura, na 1983, ya ce labarin biyayyar iyaye ne, har Palme d'Or, babbar kyautar Cannes, ya ci. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Na kunna a falo, Inna tana kan darduma da carbinta, ta haura saba'in. Ashe labarin wani ƙauye ne mai fama da yunwa, wanda al'adarsu ita ce duk wanda ya cika saba'in ɗansa zai goya shi zuwa kan dutse ya baro shi can ya mutu. Tsohuwar, Orin, shekararta 69, lafiyarta ƙalau, haƙoranta garau, amma kunyar hakan take ji don ana yi mata kallon mai cinye abincin yara. Da kanta ta gwara bakinta a jikin dutse ta zubar da haƙoran. Ga gawar jariri yashe a gonar shinkafa. Ga wani gida da aka kama da satar abinci, aka binne su da rai har da yara. Ga kuma wuraren batsa, waɗanda sai da na yi ta lalubar rimot. Inna ba ta jin yarensu, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Ta juyo ta ce, "Binta, ina zai kai ta?" Na rasa bakin magana. Fim ɗin babba ne, ban musa ba, kuma tafiyar nan ta ƙarshe da ɗan yake ɗauke da uwarsa ba sa magana tana da nauyi ƙwarai. Amma wanda ya san akwai tsohuwa a gida ya tura ni gare shi babu gargaɗi bai kyauta min ba.

Maman Ihsan: Subhanallahi. Sannu Hajiya. A gaida Inna.

Malam Nura: Gaskiyarki Hajiya. Akwai wanda Kinoshita ya yi a 1958, labari ɗaya, salon wasan dandamali, babu waɗancan wuraren. Amma zancen dutsen yana nan.

Barista: Ni Shoplifters ɗin ma ban yarda da shi ba. Mutum yana koya wa yaro sata a kanti, sun ɗauke 'yar mutane, tsohuwa ta mutu sun binne ta a cikin gida suka ci gaba da karɓar fanshonta. Sannan a shirya fim yadda za ka ji tausayinsu?

Abban Sadik: Barista, yarinyar fa a cikin sanyi suka tsince ta, jikinta duk tabon duka.

Barista: Sai a kai ta ga hukuma.

Ummi Gwale: Ai hukumar ta karɓe ta a ƙarshe. Ina ta mayar da ita? Gidan da ake dukanta. Kai da kake shiga kotu ka fi kowa sanin wannan.

Barista: Sanin hakan bai halatta sata ba, ƙanwata.

Ummi Gwale: Shi ma fim ɗin bai halatta ba. Yaron da kansa ya fara ƙyamar abin, shi ya sa ya bari aka kama shi.

Ɗan Agadas: Ku biyun nan ko a zancen ƙwallo haka kuke.

Zainab Tudun Wada: Wanda ya jure Narayama ya nemi Plan 75 na Chie Hayakawa, 2022. Dutsen ne ya koma ofis. Gwamnati ta buɗe shiri, duk wanda ya kai 75 zai iya rajistar a ɗauki ransa, har yen 100,000 ake ba shi ya kashe kafin ranar. Babu jini, babu ihu. Ma'aikata matasa ne masu ladabi suna cike fom suna murmushi. Ladabin nan ya fi komai tsorata ni. Gargaɗi kamar yadda Hajiya ta nema: kada a kalla da dattijai.

Malam Nura: Tunda ana gargaɗi, duk jerin da za ku gani a intanet sai an sa In the Realm of the Senses na Oshima, 1976. Ku tsallake shi. Tsiraici ne zalla, har sai da aka kai fim ɗin Faransa aka wanke saboda dokar Japan. Mai son Oshima ya nemi Boy na 1969, iyaye ne ke tura yaro gaban mota don su karɓi diyya.

Maman Ihsan: Babu wanda za a kalla a yi barci ne?

Zainab Tudun Wada: Departures, 2008, wanda ya ci Oscar. Makaɗi ne ya rasa aiki ya koma shirya gawa. Da matarsa ta gano, ta ce kada ya taɓa ta, ƙazami ne, ta yi yaji.

Hajiya Binta: Ikon Allah. Mu nan mai wankan gawa ai addu'a ake yi masa.

Barista: Wannan zan kalla. Ummi, maganarmu ba ta ƙare ba, fanshon fa?

Ɗan Agadas: Wai akwai wanda aka yi wa fassarar Hausa a cikinsu? Rubutun ƙasan nan gudu yake yi min.

Ummi Gwale: Sai dai ka riƙa tsayarwa kana karantawa. Barista, bari in sauke tukunya, ina zuwa.