Shemis ɗin da na ɗinka tana ja a hamata, kwalar kuma ta ƙi kwanciya

Ɗan koyo, Garwa:
Salamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa teloli. Ina koyon ɗinki ne a wani shago nan Garwa, kaftani da wando da 'yar shara duk alhamdulillah hannuna ya faɗa, to yanzu samari sun fara kawo yadi wai shemis suke so irin ta ofis mai kwala da maballi wadda take kama jiki, maigidana kuma shi aikinsa manyan kaya ne ya ce in tambayi masu yi. Na gwada wa ƙanena ɗaya, in ya tsaya kyam ba laifi, amma da ya miƙa hannu zai kama kan mashin sai ta ja shi a baya da hamata har wajen maballin ƙirji ya buɗe baki, kwalar kuma bakinta sai tashi sama yake. Ƙirjinsa santimita 96 ne na yi masa 100. Ina matsalar take dan Allah? Kekena Butterfly ne na ƙafa, ko dole sai Juki?

Tsohon tela, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka bar keke ya huta ba shi da laifi, Juki sauri kawai zai ƙara maka, aikin a teburin yanka ya ɓaci. Santimita 4 da ka ƙara ai ko numfashi bai isa ba, mai ƙirji 96 ka ba shi 106 zuwa 108, in saurayi ne mai son matsi sosai ka tsaya a 104 kada ka sauka ƙasa da haka, balle a zafin Garwa watan Afrilu mutum yana zufa riga tana manne masa. Kuma wannan ban da bakin ɗinki fa, wato rarar yadin da ake bari a gefe don ɗinki ya hau.

Amma ko ka ƙara ƙirjin in ba ka gyara hamata ba za ta ci gaba da ja. Ku masu hannun kaftani kun saba ku ninka yadi ku yanka gaba da baya tare iri ɗaya, a shemis ba a haka, hamatar gaba ana ƙwaƙule ta ciki, ta baya a bar mata nama, saboda hannun mutum gaba yake zuwa ba baya ba, duk aikin da zai yi, tuƙi ne ko rubutu ko cin tuwo, baya ne yake buɗewa. Shi ya sa in ka duba shemis ɗin kanti za ka ga kafaɗa yanki ne daban mai ninki biyu, a ƙarƙashinsa kuma an kama tattara guda a tsakiya ko biyu a gefe, wannan tattarar ita ce take ba baya ƙarin kamar santimita 3 ko 4. Kuma kada wani ya ce maka ka zurfafa hamata za ta sake, wallahi ƙara lalacewa take, da ya ɗaga hannu duk rigar za ta bi shi ta fita daga wando. Kan hannun ma kada ka yi masa tudu irin na kwat, a kwance yake, kuma a buɗe ake haɗa shi da jiki, sannan ka rufe gefe da hannu da layi ɗaya tun daga wuyan hannu har gindin riga.

Mai shago a Kuseri:
Baba ya gama magana. Ni abin da zan ƙara, ka je wajen 'yan gwanjo ka sayi shemis mai kyau ko da ta tsufa, ka zauna da reza ka farke ta zare zare, ka goge kowane yanki ka ɗora a kan takardar buhun siminti ka zana, nan za ka ga lanƙwasar da baki ba zai iya kwatanta maka ba. Gwajin farko ka yi da yadi mai araha kar ka taɓa na mutane.

Sai maganar tef, mu nan masu tsallakowa daga Njamena da santimita suke zuwa, wanda ya yi zaman Mubi ko Kano kuma ya ce maka wuyansa 16, inci yake nufi, inci ɗaya santimita 2.54 ne, kenan 16 ɗin kusan 41. Tef ɗin fuska biyu gare shi ka dinga duba wadda kake karantawa. Sannan yadin auduga ka jiƙa shi ya bushe ka goge kafin almakashi ya taɓa shi, yana shiga, in ba haka ba wankin farko wuya ya ƙi haɗuwa mai kaya ya dawo maka da rigima ana gobe sallah.

Yayarku tela, Ngaundare:
Ƙanena kwalar ce ba a taɓa maka ba. Ka auna wuya inda kwala take zama ka ƙara santimita 1 zuwa 1 da rabi, yadda yatsa biyu za su shiga, awon kuma daga maballi ne zuwa ramin maballi ba daga baki zuwa baki ba. Kwala yanki biyu ce, ƙafarta da take tsaye da kuma wadda take kwantowa, ita mai kwantowar yadin ƙasanta ka rage masa milimita 2 ko 3 a baki, kana ɗinki kana ɗan jan na ƙasan ya cimma na sama, shi ne zai sa ta lanƙwasa ƙasa da kanta maimakon ta tashi. Gam kuma, wato ƙyallen nan da ake mannawa a cikin kwala da guga don ta yi ƙarfi, ka yanke shi ban da bakin ɗinki, ka shimfiɗa ƙyalle a kai ka danna dutsen guga ka ɗan tsaya sannan ka ɗaga, ba gogawa ake ba, in dutsen gawayi ne ka bari wutar ta lafa tukuna kada ya yi maka ƙuraje bayan wanki. Allura ka sa lamba 80, ta shadda mai kauri tana huda poplin ya yi ta tattarewa.

Baba ka yi haƙuri amma 108 ɗin nan samarin yanzu za su ce ka ɗinka musu ta babansu. Ni ina barin ƙirjin da faɗinsa ne in kama kugu ta baya da kamu biyu, sai ta yi kyau a ido kuma bai takura ba. Mai tumbi dai kada ka kama masa komai, ka auna tumbin daban ka ƙara wa gaba tsawo.

Tsohon tela, Marwa:
Ba faɗa 'yata, kamun kugu daidai ne, ƙirji da baya ne na ce kada a yi musu rowa.

Ɗan koyo, Garwa:
Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Na duba yanzun nan lallai hamatar gaba da baya ɗaya na yanka. Saura ramin maballi, kekena ba ya yi, da hannu zan yi ko yaya?

Mai shago a Kuseri:
Kai wa masu injin maballi a kasuwa, ba tsada, amma kai za ka sa alama da alli kada ka bar musu. Ramuka a ɓangaren hagu na mai sawa suke in ta maza ce, na jiki a tsaye, na ƙafar kwala shi kaɗai a kwance, tazara kamar santimita 8 zuwa 9, kuma ka sa ƙanen naka ya saka rigar ka tabbata maballi ɗaya ya faɗa daidai inda ƙirjinsa ya fi tudu sannan ka raba sauran sama da ƙasa. In ka gama ka turo mana hoto ta baya yana riƙe da kan mashin ɗin.