Abin da majalisarmu ta Gusau ta ce kan Bruno Fernandes

Daren Asabar, bayan an tashi daga gidan kallo a Tudun Wada, muka zauna wajen mai shayi kan batu ɗaya: Manchester United ta riƙe ɗan wasan tsakiyarta Bruno ko ta sayar?

Masu cewa a sayar sun kafa hujja da Coutinho. Liverpool ta sayar da shi ga Barcelona a Janairun 2018, ta ɗauko Van Dijk da Alisson, ta ci kofin Zakarun Turai a 2019. Suka tuna da Pogba, wanda United ta saya fam miliyan 89 a 2016, ya tafi kyauta a 2022. Shawararsu: a sayar da Bruno tun yana da daraja, tunda haihuwar 1994 ne.

Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Yarana, kuɗi ba ya buga ƙwallo. A samo magajinsa tukuna." Nan na tsaya ni ma. Tun zuwan Bruno daga ƙungiyar Sporting ta Portugal a 2020, da wuya rauni ya zaunar da shi, kuma shi ke raba ƙwallo, shi ke ɗaure da ƙyallen kyaftin.

Yawancinmu mun amince a riƙe shi, a sayo matashin ɗan tsakiya ya koya a gefensa.